Ɗan Gwaggo, Kwance Rawanin Nan Ka Ƙyale Baba Voss

Ɗan Gwaggo, bawan gidanmu, ga gaisuwa daga ubangidanka, kuma daga zaune nake miƙo ta, don ba a san ubangida da tashi wa bawa ba. Labari ya same ni har Birnin Kabi cewa ka buɗe kotu a teburin mai shayi a Tsamiya. Kai ne alƙali, kai ne mai ƙara, kai ne shaida, wanda ake tuhuma kuwa wani bawan Allah ne da bai ma san an haife ka ba, wai shi Baba Voss. An ce da an sallame isha'i kake zama, ba ka tashi sai mai shayi ya fara kife kofuna, hukuncin kuma kullum guda ne: "Wanga abu ƙarya ta! Ƙaƙa makaho ka yaƙi hakanga?" An ce ka raba samarin gari biyu, 'yan kabu-kabu suna bayan Baba Voss, masu canjin sefa suna bayanka, har wani yaron mota ya rantse ba zai ƙara sauke maka kaya ba sai ka janye maganarka.

Tunda ba kai kaɗai ke karanta wannan shafi ba, kai ɗin ma sai an karanta maka, bari in fara gaya wa jama'a wanda ake wa wannan shari'a. Fim ne mai dogon zango na ƙagaggen labarin kimiyya, sunansa See. Kamfanin Apple ya fara sakinsa ranar 1 ga Nuwamba 2019, wanda ya ƙago shi kuma Steven Knight ne, mutumin Ingilan nan da ya rubuta Peaky Blinders. Zango 3 ne, kowanne kashi 8, aka rufe shi a 2022. A cikin labarin, wata annoba ce ta auka wa duniya a ƙarni na 21, waɗanda suka tsira ba su kai miliyan 2 ba, kuma duk suka rasa gani, 'ya'yansu da jikokinsu ma haka aka riƙa haifarsu. Da ɗaruruwan shekaru suka shuɗe sai gani ya koma tatsuniya, ambatonsa ma saɓo ne, wanda aka kama da zancensa a ƙone shi a ce maye ne. Hausawa na cewa makaho ya rasa ido ya ce ido wari gare shi. To a can wannan karin magana ita ce dokar ƙasa, har da runduna mai bin ƙauyuka tana tabbatar da ita, ƙarƙashin wani janar mai suna Tamacti Jun. Baba Voss, wanda Jason Momoa ya fito a madadinsa, shugaban wata 'yar ƙabila ce ta kan dutse da ake kira Alkenny. Ya auri Maghra, wadda ta zo musu da cikin wani, ta haifi tagwaye, Kofun da Haniwa, sai ga yara suna gani. Daga nan gudu da yaƙi suka soma.

Yadda fim ɗin ya iso Tsamiya ma abin a tsaya a kai ne. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a Nuwamba kuma hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Hanyar Segbana ta yi tsit, kasuwar Lolo ta yi sanyi, irinku kuka koma zaman benci kuna ƙirga ƙudaje. A daidai wannan wata Baba Voss ya fito. Shinkafa 'yar waje ta kasa shigowa, gwanjo ya kasa, man girki ya kasa, amma shi ƙaton nan, da gashinsa da takobinsa da tagwayensa, ya ratso kowane shinge a cikin memorin da bai kai farcen babban yatsa ba. Ban taɓa jin mutum guda daga Illo zuwa Ka'oje da ya biya Apple ko sisi ba. Shagon turi dai, a miƙa waya a ce "a sa mini na makahin nan." Wato ka kalli dukiyar mutane kyauta, a lokacin da ba ka da aikin yi, yanzu kuma shekaru sun wuce kana nan kana kushe ta. Halin 'ya'yan mata ke nan, a ba su tuwo su ce miya ba gishiri.

Hujjarka mafi girma, wadda kake taƙama da ita, Gwaggo ce da kanta ta ba ni labarinta a waya, tana dariya har tana tari. Wai ka ce za ka gwada a gani. Ka naɗe idanunka da rawani, ka ɗauki taɓarya a madadin takobi, ka ce daga ƙofar ɗakinka za ka kai zaure. Taku na farko lafiya. Can sai ƙafa ta faɗa kaskon ruwan kaji, ka yi baya, gwiwa ta gamu da turmi, taɓarya ta kuɓuce ta sauka a kan randa, kai kuma ka ƙare a turken akuya kana kiran sunan matarka. Ka kwance rawani kana haki ka ce wa yara: "Kun gani ko? Ni da ad da ƙarhi ban iya ba, bale shi." Randar nan, in ba ka sani ba, kakarmu ce ta bar wa Gwaggo, saboda haka akwai rabon gidanmu a cikinta, kuma zan shigar da ita lissafi.

Ɗan Gwaggo, abin da ka gwada a tsakar gidan nan ba makanta ba ce. Ka gwada yadda mai ido ke rikicewa in an ƙwace masa ido farat ɗaya, kuma ka nuna wa duniya cewa tsakar gidanka ba ta da tsari. Mutumin da aka haifa ba ya gani, ubansa ba ya gani, kakan kakansa ba ya gani, ba rawani ya naɗa ba. Garin da yake ciki ma marasa gani ne suka gina shi don kansu, kuma nan ne masu fim ɗin suka yi aikin da kai ba ka lura da shi ba saboda kana jiran a fara sara. Koma ka duba ƙauyen Alkenny da kyau. An ɗaɗɗaure igiyoyi daga bukka zuwa bukka, mutum ya bi da hannu ko da sanda ya kai inda za shi. Wasiƙa ƙulle-ƙulle ce a jikin zare, a karanta ta da yatsu. Sarauniya Kane, mai mulkin ƙasar, in tana son a yi shiru, zobban hannunta take kaɗawa. Ado a fuska tsaga ce, abin da hannu ke iya karantawa, kuma bai kamata jikan Kabawa ya nemi a yi masa bayanin tsaga ba. A irin wannan gari ba wanda zai bar turmi a tsakiyar hanya, in kuwa ya bari, shi za a kai gaban dattawa, ba wanda ya yi karo da shi ba.

Sai yaƙin farko, wanda ka ce daga shi ka yanke ƙauna. Ni kuwa daga shi na gyara zama. Mutanen Alkenny suna saman tudu bayan katangar duwatsu, abokan gaba suna hawowa daga ƙasa. Ba a ce kowa ya leƙa ba. Masu kaifin ji aka sa a gaba, suka kasa kunne suna faɗin dawakai da karnukan da ke tafe. Aka yi kirari da buga ƙafa don a ɗaure zuciya, sa'annan kowa ya yi tsit, domin a wannan fage wanda ya fara motsi shi ya fara tona kansa. Da aka gwabza kuma, dubi yadda Momoa ke tafiya: a duƙe, ƙafa na shafa ƙasa kafin ta taka, makami na gaba yana lalube, kai a karkace, kunne ne ke fuskantar abokin gaba ba fuska ba. Hannun hagu ya fara samo mutum, ya san ina wuya ina kafaɗa, sa'annan na dama ya biyo. Da abin ya yi tsanani suka saki duwatsun katangar a kan masu hawowa, suka tsere ta gadar igiya, suka datse ta a bayansu. Duk dabarar da ke ciki ta wanda ya san ƙasarsa da tafin ƙafa ce. Ina ƙaryar a nan?

Ba da ka aka tsara wannan tafiya ba. Akwai wani Ba'amurke mai suna Joe Strechay, shi kansa ba ya gani, sana'arsa koya wa marasa gani zirga-zirga da sanda da kunne. Shi ya yi wa masu fim ɗin Daredevil jagora, shi aka ɗauko a See ya horar da 'yan wasa, a rufe musu ido a koya musu jin faɗin ɗaki da sautin taku, har daga baya ya shiga sahun furodusoshi. Ƙyasta harshe da yatsa da kake gani suna yi, wanda ka ce "iskanci na," shi ma abu ne da ake yi a zahiri. Daniel Kish na Kalifoniya an cire masa idanu biyu kafin ya wuce wata 13 saboda ciwon daji. Da ƙyasta harshe yake jin amsa-kuwwar da ke dawowa daga bango da itace da mota, har keke yake hawa, kuma yana yawo ƙasashe yana koyar da yara. A 2011 masu bincike a Kanada suka sa shi a na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka tarar sashen da mu muke gani da shi ne ke aiki a kansa lokacin da yake sauraron amsa-kuwwar. Sai dai ka isar wa 'yan kabu-kabun da ke gardama da kai cewa su ma su rage zaƙewa. Na ji suna cewa duk wanda Allah ya karɓe wa ido sai ya ba shi kunnen da ke jin tafiyar tururuwa. Wannan zancen teburin shayi ne. Kunnen dai irin namu ne, horo da larura da shekaru ne suka wasa shi. Masu jin bugun zuciyar mutum su gane yana ƙarya, waɗanda fim ɗin ke kira ayura, wannan kam gishirin labari ne, kuma ka gode wa Allah da babu su a kasuwar Tsamiya, da tuni ka sake sana'a.

Ko kokawa ta ishe ka hujja, kai da ba ka wuce filinta in an gama girbi. Kafin a kama, ido na da amfani. Da an sarƙe hannu, kowane ɗan kokawa zai gaya maka da jiki yake jin inda nauyin abokin karawarsa ya karkata, kansa ma na can cikin hammatar wani, me zai gani? Shi ya sa judo ta marasa gani ta shiga gasar Paralimpik tun 1988 a Seoul, kuma babban abin da aka sauya a dokarta shi ne a fara wasa kowa na riƙe da rigar ɗan'uwansa. Ƙwallon ƙafarsu ta shiga a 2004 a Atina, da ƙwallo mai ƙaraurawa a ciki, 'yan kallo su yi shiru har sai an zura. Brazil ce ke cinye zinaren duk zuwa, sai a 2024 Faransa ta karɓe shi a Paris. Tambayi abokanka na Segbana masu kallon tashoshin Faransanci, wataƙila sun gani.

Tarihi ma bai bar ka da abin riƙewa ba. Sahabi Abdullahi ɗan Ummi Maktum, Allah ya ƙara masa yarda, ba ya gani, amma shi ne ladan tare da Bilal, an sha barin Madina a hannunsa in an fita yaƙi, kuma malaman tarihi sun ruwaito cewa ya riƙe tuta a yaƙin Ƙadisiyya. A ƙasar Cek an yi Jan Zizka, wanda idonsa na biyu ya tafi a 1421, ya ci gaba da jan runduna yana cin yaƙi har ya mutu a 1424. Na san abin da za ka ce, don na san bakinka tun kana yawo ba wando: riƙe tuta daban, jan runduna daban, mutum guda ya karkashe ashirin shi kaɗai kuma daban. Haka ne. Ranar da Baba Voss ya bi masu cinikin bayin da suka sace Kofun ya gama da su ɗaya bayan ɗaya, an zuba gishiri har ya yi yawa. Amma gishirin na jarumin fim ne, ba na makanta ba. Kai ne fa muka zauna da kai muna kallon Chitti, mutum-mutumin Rajinikanth na fim ɗin 2010, yana gudu a jikin jirgin ƙasa yana tattare bindigogin 'yan sanda da maganaɗisu, kana tafi kana cewa "Indiya ba wasa!" Jarumin Indiya ya mari mutum goma su tashi sama, ba ka taɓa buɗe kotu ba. Sai da aka ce jarumin ba ya gani sa'annan ilimin kimiyyarka ya motsa.

Abin da ya fi ba ni dariya, duk Ƙaramar Hukumar Bagudo in ana neman wanda bai kamata ya yi wannan gardama ba, kai ne. Ba zan faɗi abin da kake ɗaukowa ba, don jami'ai ma suna karanta jarida, mu ce dai gaisuwa kake kai wa dangi a Benin, gaisuwa mai nauyin buhu biyu. Wa ya ba ni labarin yadda ake tuƙa babur a daren da babu farin wata, fitila a kashe? Kai ne. Ka ce in taya ta fara nutsewa a yashi ka san ka kai mararraba, sai ka karya dama. In sanyi ya bugi ƙirjinka ka ji warin laka, rafi na gaba, sai ka sauka ka tura. In karnukan rugar nan suka yi haushi ta hagu, kana kan hanya, in ta dama suka yi, ka ɓace. Ka ce kana bambance ƙarar babur ɗin abokin tafiya da na wanda ba a son gamuwa da shi tun yana nesa. Da bakinka ka ce mini, "Ido ba ya da aiki ga wagga tahiya." Kai da ka koyi wannan da girmanka, don neman na cefane, kai ne ke cewa wanda aka haifa a ciki ba zai iya ba? Sarkawan da ke bin mamari cikin dare daga gadar Tuga zuwa sama fa, suna jan igiya suna gane abin da ya kamu tun bai fito ruwa ba, su ma ƙarya ne?

Bari in ajiye wasa kaɗan, kaɗan dai. Ina ganin abin da ya hana ka yarda da Baba Voss ba a fim ɗin yake ba, a tasha yake. Makahon da ka sani shi ne wanda yaro ke ja da sanda, da ƙoƙo a hannu, yana bin tagogin motoci. Ka ɗauka iyakarsa ke nan, alhali iyakar ƙofar da muka bar masa a buɗe ce. Ƙasashen bakin kogi sun san makanta fiye da kowa. Baƙin ƙudan da ke haihuwa a ruwa mai gudu ya makantar da ƙauyuka a Afirka ta Yamma, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin yaƙi da cutar a 1974, Benin da Nijar suna cikin ƙasashe 7 na farko, daga 1987 kuma aka fara ba da maganin Mectizan kyauta, wanda masu rabo suke bi gida gida da sandar awon tsawo. Mutanen da cutar ta riga ta kama ba zama suka yi ba. Sun yi noma, sun yi saƙar tabarma, tufkar igiya kuwa a ƙasar Hausa da ma sana'ar makafi ce, wataƙila igiyar gugan gidanku ma hannunsu ta fito. Suna da Sarkin Makafi, da fadawansa, da shari'arsu a tsakaninsu. Malam Aliyu Namangi na Zariya ya rasa gani tun yana ƙarami, ya tsara Imfiraji a ka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, masu ido kuma har yau suna samun digiri da nazarin abin da ya bari. Kai mai ido biyu, ban da lambar wayar masu bin ka bashi, me ka haddace?

Yanzu in kana son ƙaryar gaske a fim ɗin, zo in nuna maka, tunda aikin ubangida ne ya koya wa bawa. Fadar Sarauniya Kane a wata tsohuwar madatsar ruwa take, Kanzua, kuma wai bayan ɗaruruwan shekaru injinan na nan suna juyawa suna ba da wuta, ba injiniya, ba kayan gyara, ba mai karanta littafin kamfani. Madatsar Kainji da ke ƙasa da mu a kan kogin nan a 1968 aka gama ta, injina 8, da injiniyoyi masu ido da tabarau a kai, kuma kowa ya san sau nawa aka yi ta fama da gyaransu. Wannan ba ka gani ba. Ba ka kuma tambayi wanda ke rina wa sojoji tufafi launi ɗaya ba, a duniyar da ba wanda ya san baƙi da ja. Ba ka tambayi inda suke samun asuwakin da ke sa haƙoransu fari tas alhali fuska duk laka ba. Waɗannan duk don mu masu kallo aka yi su, domin fim ne a kan marasa gani da aka ɗauka don masu gani, kuma duk inda buƙatar labari ta ci karo da buƙatar kyamara, kyamara ce ke ci.

Babbar ƙaryar kuwa, wadda ta sa na kusa jefar da waya, ba ta shafi makanta ba sam. Uban tagwayen na jini, Jerlamarel, ya bar musu akwatin littattafai, a buɗe in sun shekara 12. Aka buɗe. Yara biyu, a garin da ba mahaluƙin da ya taɓa ganin harafi, ba malami, ba allo, ba wanda zai ce musu wannan alama ga sautinta, wai suka zauna suka koya wa kansu karatu, har Haniwa ta kai ga ƙera baka da kibiya. Ɗan Gwaggo, alli ya ci mini yatsu a aikin koyarwa. Na san yadda ake fama da yaro zango guda a kan baƙi da wasali, da malami a tsaye, da allo, da waƙa, da 'yar tsumagiya a gefe don tsoratarwa. Harafi ba ya magana da kansa. Sai wani ya buɗe baki ya ce "ba," yaro ya maimaita, sa'annan zanen ya zama sauti. Ko makarantar allo da ta fi kowace sauƙin kaya, ba ta taɓa yiwuwa ba malam ba. In akwati na iya koyar da karatu, da gwamnati ta sallame mu ta sayi akwatuna. Kai kuwa da aka kai ka makaranta da malamai cikakku ka fito yadda ka shiga, wannan wuri ne ya kamata ka fi kowa ihu, amma ka wuce shi shiru, don a ganinka karatu da ma abu ne da ke faɗo wa wasu daga sama.

Akwai kuma ƙorafi mai nauyi da wasu marasa gani a Amurka suka yi, wanda ya fi naka ma'ana nesa ba kusa ba. Duniya ce ta makafi zalla, amma manyan 'yan wasan duk masu ido ne. An sa marasa gani da masu raunin gani, irin su Marilee Talkington da Bree Klauser, sai dai a ƙananan gurabe. Momoa ya yi ƙoƙari, amma da an ce "yanke" yake buɗe ido ya nemi motarsa. Da wannan ka kawo teburin shayi, da na ce Gwaggo ta yi haihuwa. Sai dai ba za ka kawo shi ba, domin mai wannan ƙorafi cewa yake marasa gani za su iya fiye da abin da aka ba su, kai kuma cewa kake ko abin da aka nuna ba za su iya ba.

Ni abin da ya sa na yarda da Baba Voss ba takobi ba ne. Mutum ne da bai taɓa haihuwa ba, ya fito daga gidan masu cinikin bayi ya guje wa sana'ar gidansu, ya karɓi mace da cikin da ba nasa ba, ya riƙe agololi biyu da suka zame wa garinsu bala'i. Yaran suna da abin da shi ba ya da shi, ba zai taɓa fahimtarsa ba, kuma yana tsoronsa. Dubi fuskarsa duk lokacin da Haniwa ta yi zancen "ubanmu na gaske." Ba ya faɗa, ba ya gori, muƙamuƙinsa ne kawai ke motsi, sai ya juya ya kama wani aiki. Duk wanda ya taɓa riƙon ɗan wani a ƙasar nan ya san wannan juyawa. Da suka sha wuya suka kai ga uban jinin mai ido da ɗakin littattafai, me ya yi? Miƙa Haniwa ya yi ga mutanen wata daula mai suna Trivantes, aka tafi da ita. Wanda ba ya gani ne ya bi sawu, har gaban ƙaninsa Edo, wanda Dave Bautista ya fito a zango na 2, mutumin da ya fi kowa son ganin bayansa. Na yi zargin nan ne fim ɗin ya fi ƙarfinka. Yaƙin makaho ka iya haɗiye shi da ruwan shayi, amma namiji ya ciyar da 'ya'yan wani shekara da shekaru bai taɓa ƙirga musu loma ba, wannan kam a wurinka ƙagaggen labarin kimiyya ne. Ni fa na ci abinci a gidanka, na ga yadda kake raka tsokar nama da ido tun daga kwano har bakin baƙo.

To ga shawara, don a raba gardama a huta. Ina nan tafe Babbar Sallah in Allah ya kai mu. A share tsakar gidan Gwaggo, a kwashe turmi da kaskon kaji, a kai akuya maƙwabta don kada a ce ta shiga faɗan da ba nata ba. A naɗe mana ido ni da kai da rawani ɗaya ɗaya, Kawunka, wato mahaifina, shi zai ɗaure naka, don na san ka da leƙe. A fara kowa na riƙe da ɗan'uwansa, yadda masu judo ke yi. In ka kai ni ƙasa, na yafe kuɗin sharar bara da na bana, in kuma hau benci a Tsamiya in ce Baba Voss ƙarya ne da Hausa da Zabarmanci da Faransancin da ban iya ba. In na kai ka, za ka biya shara, ka biya randa, ka kuma dawo mini da memorin da ka ara mai zango na 3, wanda ka ce ba ka kallo amma aka ji ka kana ba da labarin bama-baman Tormada da ke cikinsa tiryan-tiryan. Ka gaida mini matata da ke gidanka, ka ce mata ta tanadi man zafi da ruwan ɗumi, na mutum ɗaya ya isa.